Honda Transalp 600: Waiwaye Kan Babur Mai Daɗewa a Hanya

Honda Transalp XL600V babur ne matsakaici da kamfanin Honda na Japan ya fitar a 1987, musamman domin kasuwar Turai. Injinsa cc 583 ne mai silinda biyu, ƙarfinsa kimanin doki 50, giyarsa biyar, tankinsa na cin lita 18. Wanda idonsa ya saba da Bajaj Boxer ko Jincheng na 'yan acaɓa da 'yan kabu-kabu, masu cc 100 zuwa 125, zai ga Transalp ƙato ne. A Turai kuwa, inda babur mai cc 1,000 ba baƙo ba ne, tsaka-tsaki ake lissafa shi: ya wuce na zirga-zirgar cikin gari, bai kai manyan baburan ƙasaita ba. An yi ta ƙera shi har zuwa 1999. Yau, shekara talatin da ɗoriya bayan fitowarsa, ana cin karo da shi a hanyoyin Jamus, Italiya, Faransa da Girka, ɗauke da akwatuna da tanti, alhali da yawa daga cikin baburan da suka fi shi suna a zamaninsa sun daɗe da komawa wurin 'yan gwangwan.

Yayin da ya haifar da irin wannan babur daga Sahara ya taso. A ƙarshen Disambar 1978 aka fara tseren Faris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya shirya, kuma hanyarsa ta ratsa Aljeriya, ta shigo Nijar ta Agadas da Yamai, sannan ta nufi Mali. Cyril Neveu ne ya ci na farko da na biyu a kan Yamaha XT500. BMW ta karɓe kambin a 1981, da 1983 zuwa 1985, Honda kuma ta riƙe shi shekara huɗu a jere, 1986 zuwa 1989, da babur ɗinta na tsere NXR750. Hotunan mahaya a rairayin Tenere suka cika talabijin da mujallu a Turai, sai matasa suka fara neman babur dogo, mai babban tanki da babbar tayar gaba, ko da kuwa ba za su taɓa ganin hamada da idonsu ba. BMW ta riga kowa da R80 G/S a 1980, Yamaha ta biyo da XT600Z Ténéré a 1983.

Honda ta lura da abin da yawancin masu sayen nan ke yi da baburansu: kwalta suke bi. Don haka ta ɗauki tsayin babur na daji, da tayar gaba mai inci 21 da doguwar shokazoba, ta lulluɓe gabansa da roba mai tare iska irin ta baburan titi, ta sa masa inji mai santsi wanda ba ya jijjiga mahayi. Abin da ya fito ya zama tamkar jemage a idon mutane da dama, shi ba tsuntsu ba, shi ba dabba ba. Masu son daji suka ce ya yi nauyi kuma robarsa za ta fashe a faɗuwar farko. Masu son gudu suka ce ba shi da zafi. A Amurka shekara biyu kacal ya yi a kasuwa, 1989 da 1990, aka janye shi don rashin masu saye. Wanda kuwa yake son babur na daji sosai daga Honda, an ba shi Africa Twin a 1988.

Daɗewar Transalp daga injinsa take, kuma ba a gane dalilinta sai an ajiye shi kusa da ɗan'uwansa. A shekarar 1987 ɗin nan Honda ta fitar da CBR600F, babur na gudu mai girman inji kusan ɗaya da na Transalp, amma ƙarfinsa kimanin doki 85 ne, kuma sai injin ya yi juyi wajen 11,000 a minti yake ba da su. Transalp doki 50 yake bayarwa a juyi 8,000, a tafiyar yau da kullum ma da wuya ya wuce 5,000 ko 6,000. Ke nan fistin da ringi da boris da bawul duk suna aiki ne ƙasa da abin da za su iya ɗauka, shekara da shekaru. Silindojin biyu an jera su a siffar V, da tazarar digiri 52, aka kuma gocar da mazaunin sandunan fistin a jikin karanshaf domin motsin ɗaya ya kashe girgizar ɗaya. Ruwa ke sanyaya shi ta lagireto biyu, saboda haka zafinsa ba ya hawa da sauka kamar na inji mai dogaro da iska, wanda ke wahala a cunkoso ko a doguwar hawa. Kowace silinda na da bawul uku da fulogi biyu. Ana saita bawul da sifana da sukundireba kawai, duk bayan kimanin kilomita 12,000. Fetur na gangarowa da kansa daga tanki zuwa kafireto biyu na Keihin, babu famfon mai da zai mutu a hanya. Kuma injin ba sabon gwaji ba ne. Daga zuriyar VT500 ya fito, zuriyar da ta ba da Shadow 600, da NTV650 da 'yan kai saƙo na Landan suka yi ta gurza, da Deauville, da ita kanta Africa Twin. Shi ya sa Transalp da ya haura kilomita 100,000 ba a taɓa sauke injinsa ba ba ya ba kowa mamaki a cikin masu shi. Abin da aka kira rashin zafi a 1987 shi ne ya raya shi.

Wannan ba ya nufin babur ne marar aibu. Aibobinsa dai sanannu ne, kuma kusan dukkansu a wajen inji suke. Wanda ya fi suna shi ne akwatin wuta na CDI. A samfuran farko guda biyu ne, an ajiye su a ƙarƙashin kujera, inda nauyin mahayi ke danna mahaɗar wayoyinsu. A hankali dalmar da ke ciki ta tsage, sai wata rana ana cikin tafiya silinda ɗaya ta ɗauke, allurar agogon juyin inji ta faɗi, babur ya koma tafiya da rabin ƙarfi. Wani lokaci a buga akwatin da hannu ya farfaɗo. Maganinsa a sake liƙa dalmar ko a sa sabo, a kuma sauya masa zama yadda kujera ba za ta taɓa shi ba. Tsofaffin matafiya a kan Transalp ba sa fita doguwar tafiya ba tare da CDI guda a jaka ba, don bai fi tafin hannu ba kuma minti goma ya isa a canza shi. Rektifaya, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, ita ma takan ƙone in ta tsufa, kamar yadda take yi a baburan Honda da yawa na wancan zamani. Akwai kuma ƙaramin haƙorin roba a cibiyar tayar gaba da ke juya maleji, wanda kan cinye ya bar allura a kwance.

Aibu guda ne ke iya kashe babur ɗin gaba ɗaya, shi ma daga hannun mai shi yake zuwa. Shokazobar baya doguwa ce, tana nutsewa sosai, don haka sarƙar Transalp tana bukatar sassauci fiye da ta babur na titi. Bakanike da bai san haka ba sai ya ɗaure ta tamau yadda ya saba. Da an ɗora kaya da fasinja, sarƙar ta miƙe ta riƙa jan sandar giya da faifan sarƙa na gaba ke zaune a kai, har haƙoran sandar su cinye. Ana gane haka da jar ƙurar tsatsa a gindin faifan. Sandar kanta ba ta da tsada sosai, amma ba a kai gare ta sai an sauke inji an raba shi biyu. Sauran matsalolin na shekaru ne. Gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara yana shiga cikin wilin alminiyam ya ci shi daga ciki, inda ido ba ya gani sai an cire taya. Robar jiki tana bushewa, kunnuwan da ke riƙe ta su karye.

Daɗin tafiya a kansa ba a gudu yake ba. Mahayi na zaune a miƙe, hannuwa a buɗe, gwiwa ba ta lanƙwashe sosai ba, robar gaba ta ɗauke masa iskar da ke dukan ƙirji. Mutum na iya wuni a haka ya sauka bai ji bayansa ya ƙage ba. Yana shan lita 5 zuwa 6 a kilomita 100, wato tanki ɗaya na kai shi wajen kilomita 300, daidai lokacin da mahayin ma ke bukatar ya miƙe ƙafa. A gudun kilomita 100 zuwa 120 a awa yake sakewa. In aka hau babbar hanyar Jamus, inda wasu wurare babu iyakar gudu, nan gazawarsa ke fitowa: injin na kuka, ƙafa na laluben giya ta shida da babu ita, manyan motoci na wucewa. In an goya mutum da kaya, wuce tirela sai da lissafi. Birkin gaba na samfuran farko faifai ɗaya ne, na baya kuma na ganga, kuma in aka damƙe birki da ƙarfi gaban babur ɗin kan nutse. Babu mai Transalp na gaskiya da zai musa waɗannan.

A tsaunukan Alps, waɗanda sunansa ke nuni da ƙetare su, lissafin ya juya. Mashigar Stelvio da ke arewacin Italiya tana da tsayin mita 2,757, kuma ta ɓangaren arewa maso gabas akwai kwana 48 masu kaifi, kowace da lambarta a jikin dutse. A irin wannan hanya doki 150 ba su da wurin sakewa. Abin da ake bukata shi ne babur da kansa ke juyawa sosai, wanda ke ja tun daga ƙananan juyi ba sai an yi ta wasa da kuloci ba, wanda kuma ba ya tsorata mahayi in tayar gaba ta taka tsakuwa ko faci a tsakiyar kwana. Iskar can sama ta fi ta bakin teku sirantaka da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ƙarfin inji ma haka yake raguwa, amma Transalp na hawa a giya ta biyu ba tare da gardama ba. Inda kwalta ta ƙare kuma, kamar tsofaffin hanyoyin soja na burji da ke kusa da iyakar Italiya da Faransa, irin su Assietta, babur na titi kan juya, shi kuwa ya wuce a hankali. Nauyinsa da mai wajen kilo 200 ne, mutum ɗaya na iya ɗaga shi in ya faɗi. A zurfin rairayi ko taɓo dai ba gwani ba ne, kuma masu cewa robarsa za ta fashe ba su yi ƙarya ba.

Akwai wani daɗin da ba ya shiga jadawalin ma'auni. Babur da aka san halinsa, aka san aibobinsa uku ko huɗu da maganin kowanne, ba ya cin hankalin mahayinsa. Kunne ba ya kan inji yana jiran baƙon sauti, ido ba ya kan allo. Hankali na kan hanya, da garin da za a kwana, da hadarin da ke haɗuwa a gaba. Shi ma rashin tsadarsa wani kwanciyar rai ne: wanda ya jingine tsohon Transalp a ƙofar masauki yana barci fiye da wanda ya ajiye sabon babur na kuɗi masu yawa, kuma ƙarcewar fenti ba ta ɓata masa tafiya.

Duniyar da ake tafiyar a cikinta ta sauya fiye da babur ɗin. Wanda ya sayi Transalp a 1987 ya tarar da Turai a rabe biyu, yana tsayawa a kowace iyaka, yana canjin kuɗi daga mak zuwa shilin zuwa lira, da taswirar takarda a jakar kan tanki. Katangar Balin ta faɗi a 1989, hanyoyin gabashin Turai suka buɗe, da ramukansu da facinsu, waɗanda suka dace da doguwar shokazoba kamar don su aka yi ta. Yarjejeniyar Schengen ta fara ɗauke shingayen iyaka a 1995, takardun kuɗin yuro suka shigo hannu a 2002, daga baya waya ta maye gurbin taswira. Ta kudu kuwa ƙofa rufewa ta yi. A shekarun 1980 Turawa matafiya kan sauko da motoci da babura ta Tamanrasset, su shigo Nijar ta Assamaka, su bi Arlit da Agadas, wasu su zarce Damagaram har Kano. Yaƙin basasar Aljeriya da tawayen arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 suka tsinke wannan zirga-zirga, ba ta kuma koma yadda take ba. Shi kansa tseren Dakar an soke shi a 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, ya koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020.

Honda ta yi ta gyara babur ɗin kaɗan-kaɗan. Birkin baya ya koma na faifai a 1991. A 1997 aka mayar da ƙirarsa Italiya, aka ƙara faifai na biyu a gaba. XL650V mai cc 647 ya gaje shi a 2000, XL700V kuma a 2008, wanda ya bar kafireto ya koma fesa mai ta lantarki, tayar gabansa ta ragu zuwa inci 19, ya ƙara karkata ga kwalta. A lokacin kishiyoyi sun yi yawa, musamman Suzuki V-Strom 650 da ya fito a 2004 da ƙarin ƙarfi da giya shida. Bayan 'yan shekaru aka daina Transalp, sunan ya kwanta wajen shekara goma, sai a bajekolin babura na Milan a Nuwamban 2022 aka nuna XL750. Wannan cc 755 ne, silinda biyu a jere, doki kimanin 90, giya shida, totur na lantarki, birki mai ABS, da allo mai launi inda ake zaɓar yanayin tuƙi. Nauyinsa bai yi nisa da na kakansa ba, amma ƙarfinsa ya kusa ninki biyu. Abin da ake kira matsakaici a yau ya fi CBR600F, babur ɗin gudu na 1987, ƙarfi.

Ba daidai ba ne a ce sabon ya fi tsohon saurin lalacewa. Injinan yanzu ana ƙera su da daidaito fiye da na da, fesa mai ta lantarki na tayar da inji da sanyin safiya ba sai an ja cok ba, ba ta kuma damu da tsayin dutse ba. ABS, wanda Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin babura masu fiye da cc 125 daga 2016 zuwa 2017, yana hana faɗuwar da birkin tsohon Transalp ba zai hana ba. Bambancin yana wurin wanda ke iya gyara. Kafireto in ya toshe, ana kwance shi a gindin bishiya a wanke a mayar. Na'ura mai auna iska ko juyin taya in ta rikice, sai an kai wurin mai kwamfutar da ke karanta ta. Ga mai yawo tsakanin Munik da Milan wannan ba komai ba ne. Ga mai ratsa ƙasar da dillalin Honda mafi kusa ke nisan kwana biyu, magana ce babba.

Abin da ke korar tsofaffin Transalp daga hanya a yau ba mutuwar inji ba ce. Na farko fetur ne. Man E10, mai kashi goma cikin ɗari na ethanol, ya shiga gidajen mai a Faransa a 2009, Jamus a 2011, Birtaniya a 2021. Yana jan danshi, kuma in babur ya yi watannin sanyi a ajiye, yakan bar datti a kafireto da tsatsa a tanki, ya kuma taurara tsofaffin robobin mai. Na biyu doka ce. A 2016 birnin Faris ya fara hana tsofaffin babura yawo a ranakun aiki daga ƙarfe takwas na safe zuwa takwas na dare. A Landan, tun Afrilun 2019, babur da bai kai ma'aunin hayaƙi na Euro 3 ba yana biyan fam 12.50 a kowace rana a yankin da aka keɓe, sai in an yi masa rajistar abin tarihi bayan ya cika shekara 40. Jamus da Faransa na ba abin hawa matsayin na tarihi a shekara 30, matsayin da Transalp na farko ya kai a 2017. Na uku kayan gyara ne. Fulogi, sarƙa, boris da takalmin birki ana samunsu ko'ina, amma robar jiki ta asali da wasu ƙananan sassa sai dai a jikin wani da aka farke.

Duk da haka ana sayensa, kuma da dalili. Kuɗinsa na hannu bai kai na akwatuna da kayan ƙawa da ake ɗora wa sabon babban babur ba, kuma hanyar da wancan zai bi, in dai ba tsere ake ba, shi ma zai bi. Mai saye da ya san abin da yake yi ba ya tsorata da yawan kilomita a maleji. Wanda aka riƙa hawa ana yi masa juyen baƙin mai a kan lokaci ya fi wanda ya shekara goma a rufe a gareji, domin zama ne ke busar da roba ya toshe kafireto. Abin dubawa shi ne cajin batir in inji na aiki, da gefen wili inda tsatsa ke kumburowa, da ko an taɓa sauya CDI. Kafin a biya kuɗi kuma a cire murfin faifan sarƙa na gaba a girgiza faifan da hannu. In haƙoran sandar sun cinye, a bar babur ɗin komai kyawun fentinsa, domin kuɗin raba injin na iya fin abin da babur ɗin zai yi a kasuwa.